Allurar Hajiya Rakia

"Allura ɗaya ce fa, Zara. Ɗaya tak. Ba cewa aka yi ki yi mata tiyata ba."

Zara ta jingina da motar Moussa, ta rungume hannayenta a kan gajeriyar farar rigar da ɗalibai ke sakawa. Hutun cin abincin rana ta fito, ga kwanon shinkafarta ko buɗe shi ba ta yi ba. Tun daga tagar ƙaramin asibitin da ke unguwar Southwest ta hango shi yana zagaye motarsa yana shafa ƙeya, ta san ba gaisuwa ce ta kawo shi ba.

"Na faɗa maka jiya, na faɗa maka shekaranjiya," ta ce a hankali. "Ni ɗaliba ce. Ko ledar rauni ba na liƙa wa mutum a cikin ginin nan sai da sanin wadda ke kula da ni. Sai in je falon gidanku in ɗura wa mahaifiyarka abin da ban san ko mene ne ba?"

"Maganin ciwon gwiwa ne. A Damagaram shi ake mata."

"Wa ya rubuta mata shi?"

"Haba Zara!"

"Tambaya na yi, Moussa. Wa ya rubuta?"

Ya kau da kai. Ita ma ta san amsar. Mahaifiyar tasa, Hajiya Rakia, ta taho da kwalaben ne a cikin kayanta, tsakanin kilishi da garin kuka, daga hannun wani mai shagon magani a bakin kasuwa.

Wata uku ke nan da Hajiya ta sauka daga Nijar don ganin matar da ɗanta ya nace a kanta. Tun ranar farko ba ta ɓoye ba: bazawara ce Zara, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya mai suna Hadisa, ga shi kuma kullum tana makaranta kamar ƙaramar yarinya. Da ƙyar da roƙo Moussa ya shawo kanta, har aka kai goron tambaya gidan Kawu Mahamane, ƙanin mahaifin Zara kuma waliyyinta a wannan ƙasa ta Turawa. Saura a tsayar da rana.

Sai gwiwar Hajiya ta tashi.

"Ka san abin da na sha kafin in sa rigar nan," Zara ta ce. "Shekara nawa ina wanke tsofaffi a gidan kula da su, ina tara awannin da makaranta ke nema kafin ma ta dubi takarduna? Na yi shekara guda a aji, Hadisa na barci a cinyata ina haddar sunayen jijiyoyi. Yanzu na zaga ɗakin tiyata, na zaga ɗakin haihuwa, na zaga na yara. Saura kaɗan in gama in zauna babbar jarabawa, in nemi lasisi. Idan makaranta ta ji na yi wa mutum allura a gida, korata za su yi. Ba gargaɗi, kora."

"Wa zai faɗa musu? Cikin gida ne."

"Idan wani abu ya same ta fa? Motar asibiti ta zo, suka tambaya wa ya yi mata? Ƙarya za ka yi, ko ni za ka nuna?"

Moussa ya dafe kai da hannu biyu.

"Inna ba ta gane wannan ba. A wurinta, duk mai farar riga yana yin allura. Majon unguwarmu, malamin asibiti, har gida yake zuwa, a ba shi shayi, ya yi mata, ya tafi. Cewa take kin raina ta. Cewa take tun ba ki shigo ba kin fara rowar hannunki."

"Kai fa, me kake cewa?"

"Ni ina tsakiya, Zara. Wallahi ina tsakiya." Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Ta ce ki zo yau bayan la'asar. Ta ce idan kin yi mata, da kanta za ta kira Kawu Mahamane a sa rana kafin azumi. Idan kuma kin ƙi..."

Bai ƙarasa ba. Ba ta kuma nemi ya ƙarasa ba.

Da ta koma ciki, ta tarar da Constance tana wanke hannu. Constance ce ke kula da ita a wannan zagayen, 'yar Kumasi ce da ta daɗe tana aikin mataimakiyar likita, ta iya Hausar zango tun tana yarinya. Ita ke duba marasa lafiya, ta rubuta magani, idan abu ya fi ƙarfinta ta tuntuɓi likitan da suke aiki tare. Abin da Zara ke son zama ke nan.

"Wa ya mutu?" Constance ta tambaya tana kallon fuskarta.

"Ba kowa, Anti."

"To wa zai mutu?"

Zara ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, sannan ta zayyana mata komai.

Constance ta goge hannu, ta jefa takardar a kwando.

"Duk wanda ya sa rigar nan a cikinmu sai an gwada shi haka. Ni ƙanwar uwata ce ta gwada ni. Shekara biyu ba ta amsa gaisuwata ba, saboda na ƙi rubuta mata maganin barci a wurin bikin suna. Ki ji ni da kyau, Zara. Ko bayan kin sami lasisi ba za ki yi wannan ba, balle yanzu. Tsohuwar tana da suga?"

"Tana da shi."

"Kin gani ko? Irin allurar gwiwar nan da ake sayarwa a kasuwa, da yawansu suna harba suga sama. Ki kawo min ita. Ba na tambayar kowa inshora, ba na tambayar kowa takardar zama. In duba ta, in auna sugan, in ga abin da ya kamata. Muna nan har shida."

"Ba ta son asibitin ƙasar nan. Tsoro take ji."

"To ki lallaɓa ta. Ai shi ma cikin aikin yake."

A hanyar Clinton, unguwar su Moussa, wayarta ta yi ƙara. Kawu Mahamane ne. Ta sa shi a lasifika, hannunta a kan sitiyari.

"Zara, labari ya iso ni," ya ce bayan gaisuwa. "Mahaifiyar Moussa ta kira matata tana ƙorafi. Ni tun farko ban so gidan nan ba, ke kika nace. Ga Idrissa nan, mutum mai shago biyu, har yau bai fasa neman aurenki ba. Jiya ma ya aiko wa Hadisa da keke. Ya ce ko kin bar karatun nan babu abin da za ki rasa."

"Kawu, ba na son in bar karatun."

"To wanda kike so ɗin, ga shi uwarsa na son ki zubar da karatun a ƙasa. Aƙalla Idrissa ya fito fili ya faɗa. Ki yi tunani, ɗiyata. Ke ba ke kaɗai ba ce, kina da marainiya."

"Saboda ita nake yi, Kawu."

Ya yi tsaki mai taushi, ya yi mata addu'a, ya kashe.

Hawayen da ta riƙe tun rana suka zubo. Ta share da gefen mayafi, ta ci gaba da tuƙi. Moussa ne ya riƙa ɗauko Hadisa daga makaranta duk lokacin da aka tsare Zara a ɗakin tiyata. Shi ne yake zama a mota yana yi mata tambayoyin jarabawa daga katunan da ta rubuta, yana kwaɓa sunayen magunguna har sai ta yi dariya. Idrissa bai taɓa tambayarta ko me take karantawa ba.

Falon Moussa na ƙamshin turaren wuta da man zafi. Hajiya Rakia na zaune a doguwar kujera, ƙafarta ɗaya a miƙe bisa matashi, gwiwar ta kumbura tana sheƙi. A gefenta ga Jidda, ɗiyar ƙanwar Hajiya, wadda ke aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wadda kuma kowa ya sani ita Hajiya ta so wa Moussa tun suna yara. Shi Moussa yana tsaye jikin ƙofar kicin kamar baƙo.

A kan teburi an ajiye faranti. A cikinsa akwai auduga, da sirinji a leda, da ƙaramar kwalba.

Zara ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Inna. Ya jiki?"

"Jiki ga shi kina gani," Hajiya ta ce ba tare da ta dube ta ba. "Likita ta iso. Jidda, matsa mata ta yi aikinta."

Jidda ta matsa tana murmushi.

Zara ta ɗauki kwalbar ta juya ta a hannu. Takardar jikinta ta goge, babu suna, babu ranar lalacewa, sai wani farin ruwa da ya kwanta a ƙasa. Ta mayar da ita cikin farantin.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"Ba ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Na iya. Amma ba a ba ni izini ba tukuna, kuma ban san abin da ke ciki ba. Kina da suga, Inna. Idan irin wanda nake zato ne, zai iya kwantar da ke. Ga mota a waje. Shugabata na jiranmu, 'yar Gana ce, tana jin Hausa. Ba za ta tambaye ki takarda ko ɗaya ba. Ni zan riƙe hannunki har a gama."

Hajiya ta juyo, yau ne karon farko da ta dube ta ido cikin ido.

"Ke 'yar nan, shekarata nawa ana mini pikir, allurar nan, tun ba ki san hanyar lakwal, makarantar bokonku, ba? Sai yau zai kashe ni, da ya zo hannunki? Ki kai ni asibitinsu su rubuta sunana, gobe a ce tsohuwa ta zo cin arzikin ƙasa, a hana ni dawowa ganin ɗana?"

"Ba haka ba ne, Inna, wallahi..."

"Moussa ya ce mini likita zai aura. Na ce to, ko ba komai na sami mai duba ni a tsufana. Ashe mataimakiya ce. Mataimakiyar ma ba ta gama ba. Abin da ta iya ɗin ma ta hana."

"Tanti, ki bar ta," Jidda ta sa baki. "Wasu in sun yi boko sai su ga kowa jahili ne. Ni da nake wanke tsofaffin Turawa kullum, na ga yadda ake yi. Kawo in yi miki."

Zara ta juya da sauri.

"Jidda, kin taɓa yin allura?"

"Ina ruwanki?"

"Kin san inda jijiya ta bi a ɗuwawu? Kin san abin da za ki yi idan numfashinta ya sarƙe? Ni ma irin aikinki na yi shekara da shekaru, ban raina shi ba. Amma ba a koya mana wannan ba, ke ma kin sani."

"To fa! Malama ta fara darasi."

"Moussa," Zara ta kira shi, hawaye na bin kumatunta. "Ka yi magana mana. Mahaifiyarka ce."

Moussa ya buɗe baki. Hajiya ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya rufe.

"Ni na haife shi," ta ce. "Kwana uku ban runtsa ba saboda ƙafar nan. Na zo ƙasar da ban san kowa ba, ban jin bakinsu, na ga ɗiyar Hausawa da farar riga na ce Allah ya kawo mini tawa. Na roƙe ki sau ɗaya, na aika ɗana ya roƙe ki sau uku. Yau ga ni ga ki. Idan ɗiyarki ce ke kuka da ciwo, sai ki ce mata ba a ba ki izini ba?"

Maganar ta soki Zara har cikin ƙirji. Ta ga tsohuwar ba mugunta ce kawai ke cinta ba, ciwo ne da tsoro. Hannunta har ya motsa wajen farantin. Minti ɗaya ne. Ta yi wa ɗaruruwan mutane a gaban Constance. Babu wanda zai sani. Kafin azumi tana ɗakin Moussa, Hadisa ta sami uba.

Sai ta sake kallon farin ruwan da ya kwanta a gindin kwalbar.

"Idan Hadisa ce, Inna," ta ce, "da na goya ta na kai ta asibiti, ko tana kuka ko tana dukana. Abin da nake so in yi miki ke nan."



"Jidda," Hajiya ta ce, "buɗe sirinjin."

Jidda ta miƙa hannu. Zara ta riga ta. Ta ɗauke kwalbar ta jefa cikin jakarta, ta ja zip.

"La'ilaha illallahu!" Hajiya ta dafe ƙirji. "A gidan ɗana? Maganina?"

"Sauran suna ina, Inna?"

"Ita ke nan ta rage, 'yar baƙin ciki! Ajiye mini abina!"

"Ki yafe mini." Zara ta miƙe. "Ki zage ni, ki tsine mini ma idan kin so, zan ɗauka. Amma ba zan fita in bar wannan a hannun Jidda ba. Ina waje. Ba zan tafi ba sai lokacin rufe asibiti ya ƙure."

Ta sa takalmi a baibai, ta fice. Muryar Hajiya ta biyo ta har matakala.

Ba ta kai ga buɗe mota ba Moussa ya cim mata. Ya miƙa mata tafin hannu.

"Ba ni."

"A'a."

"Zara, don girman Allah ki ba ni. Ƙin yi daban, ƙwace daban. Kin san abin da kika yi kuwa? Gobe duk 'yan Nijar na garin nan sun ji cewa kin fizge maganin surukarki a gabanta."

"Su ji. Idan na ba ka, Jidda za ta ɗura mata."

"Zan hana."

"Kai? Yatsa ɗaya ta ɗaga maka ka yi shiru."

Ya yi kamar ta mare shi. Ita ma sai ta ji zafin maganar, ta fashe da kuka sosai, ta kifa kai a jikin motar.

"Ina sonka, Moussa. Allah ya sani ban so kowa haka ba tun rasuwar baban Hadisa. Amma na taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin asibiti aka fito aka ce mini in yi haƙuri. Ba zan zama dalilin da za a faɗa maka haka ba. Kuma ba zan koma in ce wa ɗiyata duk daren da na bar ta wurin maƙwabta ya tafi a banza ba. Ka koma ka lallashe ta. Ka ɗauko ta ko a bayanka ne. Ga ni nan."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sauke hannunsa, ya juya ya hau matakala.

Zara ta shiga mota ta zauna. Ta aika wa maƙwabciyarta Edna saƙo ta roƙe ta ta ba Hadisa abinci. Ta zuba wa ƙofar gidan ido. Wata mata ta wuce da kare. Motar makaranta ta sauke yara ta tafi. Duk motsin labule sai ta ɗaga kai ta duba. Ta yi ta lissafin hanya: idan suka fito yanzu za su iske Constance, idan suka ƙara jimawa sai dai ta kira ta roƙe ta ta jira.

Rana ta yi sanyi. Lokacin ya wuce.

Sai ga ƙofar ta buɗe. Moussa ne, shi kaɗai.

Ya zo ya tsaya jikin taga. Ta sauke gilashi.

"Ta kira Kawu Mahamane," ya ce, yana kallon ƙasa. "A gabana. Ta ce a dawo mana da goronmu."



"Me Kawu ya ce?"

"Ya ce alhamdulillahi."

"Kai fa? Me ka ce?"

Moussa ya kau da kai. Ta jira. Ta ƙara jira. Iska ta kaɗa rigarsa, shi kuwa ko motsi.

"Shi ke nan," ta ce. "Ka sa mata ƙanƙara a tsumma ka ɗora a gwiwar. Ta ɗaga ƙafar. Idan ta yi zafi ko zazzaɓi ya zo, kada ka jira kowa, ka kira motar asibiti."

Ta tayar da mota. Ta fara ja da baya, idanunta ba sa gani sosai. Har ta juya kan motar sai ta ji ana buga gilashin baya. Ta taka burki.

Moussa ne ya biyo ta da gudu, yana haki. Ya sunkuyo, ya waiwayi tagar gidansu, sannan ya rage murya.

"Asibitin naku... suna buɗewa ranar Asabar?"

Zara ta dube shi. Fuskar nan da ta saba gani tana dariya a kan katunan jarabawa, yau duk ta jiƙe.

"Har azahar," ta ce.

Daga sama aka ɗaga labule, muryar Hajiya ta ƙwala kiran sunansa. Ya saki ƙofar motar. Zara ta ja ta hau titi, jakar da kwalbar ke ciki na kan cinyarta, ta riƙe ta gam da hannu ɗaya.